Karsanar Ƙarfe

Tun ina amarya rabon babanmu da Zungur, ga shi yanzu jikokina har sun fara kamo ni a tsawo. Ba nisa ne ya hana shi ba, don mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana bin shanu a ƙafa ba zai kira wannan tafiya ba. Ba kuma faɗa aka yi ba. Da faɗa ne ma da sauƙi, da tuni dattawa sun shiga tsakani an wuce wurin. Tarakta ce ta raba shi da amininsa, kuma na daɗe ina jin haushinta, ina jin haushin su biyun.

Mu asalinmu Fulanin daji ne. Baba ne ya fara zaman gari a danginmu. Ya sayar da rabonsa na shanu, ya kama gida a Ƙofar Wambai, ya ce ya gaji da kwana cikin ruwa. Ina 'yar firamare aka yi gwanjon tsofaffin kayan soja, ya je kallo, ya dawo a kan tarakta. Koriya ce irin koren kayan soja, gajera, mai faɗin ƙirji, da wata ƙatuwar ƙugiya a gaba, wata a baya. Fitilunta suna da 'yan rumfuna a kansu, kamar mai kare ido daga rana da tafin hannu. Niyyarsa noma. Sai da aka kawo garma za a ɗaura, sannan aka ga babu inda za a ɗaura ta, don ba ta da hannuwan nan na baya da taraktocin gona ke ɗaga garma da su. Unguwa ta samu abin dariya. Aka ce Bafillatani ya sayo sa, ya zo gida yana neman nono. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce ba sa ba ne, karsana ce, kowa ya jira lokacinta. Sunan ya bi ta.

Ya sa masu walda suka haɗa mata tirela, ya shiga ɗaukar yashi da jar ƙasa da itace da gangunan ruwa. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya yi mana makaranta. Ya kuma ɗauki zarto ya yi mata tsaga biyu a gefen murfin tayar hagu, irin tsagar da ake yi wa kunnen shanun gidanmu. Innarmu ta ce masa, "To, saura ka ba ta kanwa."

Tankinta biyu ne, ƙarami na fetur, babba na kananzir. Da safe sai ya buɗe na fetur, ya zura ƙarfen tayarwa a hancinta ya murɗa, ta yi tari ta kama. Sai ya tsaya ya dafa ta yana jira jikinta ya yi ɗumi, sannan ya juya ta kan kananzir, muryarta ta sauka ta yi kauri. Har yau in na wuce inda aka kunna risho sai na waiga. Ni ce 'yar fari, don haka Baba ba ya kiran sunana, ba ya yi mini wasa a gaban mutane, ko hira ba ma yi. Amma ran da babu makaranta, in ya tayar da Karsana, sai ya yi kamar yana duba taya har in fito in haye murfin nan mai tsaga. Ba ya cewa hau, ba ya cewa sauka. Iyakar abin da yake faɗa, in za mu gangara rafi, shi ne, "Ke, riƙe da kyau." Ina jin ban taɓa samun Baba ni kaɗai ba sai a wannan wurin.

Amininsa, wanda muke kira Bappa, tare suka yi kiwo tun suna yara. Shi bai shigo gari ba, ya zauna a Zungur yana noma yana kiwo. Kowace Juma'a yana gidanmu. In an sauko daga masallaci sai su zauna a zaure a kan tabarma ɗaya, su raba goro ɗaya, su yi Fillanci ƙasa-ƙasa, wani lokacin ma su yi shiru kawai har la'asar. Da aka tashi aurena shi ne waliyyina, shi ya ba da ni.

Ba a daɗe da bikina ba ciwon shanu ya shigo ƙasar, ya share garkuna. Na Bappa ya tafi kaf, har shanun huɗarsa. A wurin Fulani akwai wata al'ada da ake kira haɓɓanaye. In ɗan'uwanka ya rasa dukiyarsa, sai ka kama karsana daga garkenka ka ɗaura masa. Zai riƙe ta, ya sha nononta, 'ya'yan da ta haifa nasa ne, in ya farfaɗo sai ya maido maka uwar. Amma al'adar tana da ƙa'idojinta da ba a faɗa da baki. Mai saniya ba ya tambayar lafiyarta, ba ya ma taka garken da take, don kada a ce ya zo duba kayansa. Wanda aka ba kuwa yana kula da ita fiye da tasa, kuma ba ya maido ta a rame ko tana ɗingishi. Da ƙafarta ta zo, da ƙafarta za ta koma. Baba ba shi da saniya ko ɗaya a lokacin. Sai ya wanke Karsana, ya cika tankunanta, ya tuƙa ta har Zungur, ya dawo a motar haya. Ya koma sayar da dusa da ƙaiƙayi a bakin kasuwa, bai taɓa cewa uffan ba.

Ta yi wa Bappa rana. Ya yi dakon taki zuwa gonaki, ya kwaso wa mutane hatsi da kaka, har ya fara tara 'yan maruƙa. Ana haka ya yi tafiya wajen danginsa, 'ya'yansa samari suka ga kananzir ya yi wuya, suka ce ai kowace tarakta gas take sha, suka ɗura mata gas a tankunan biyu. Ta ƙi tashi. Suka kira bakanike, wanda duk rayuwarsa injin gas ya sani, ya kwance nan ya kwance can. Shi ma ya kira wani. Kafin Bappa ya dawo an yi mata taron dangi, kayan cikinta suna zube a kan buhu, wasu sun bi aljihun masu gyara. Ya yi iya ƙoƙarinsa, ya sayo kayan taraktar gona iri-iri, babu wanda ya shiga.

Daga nan Juma'a ta fara wucewa babu Bappa. Ba zai iya zama a tabarmar Baba ba alhali amanar tana kwance a gindin ɗorawa babu rai. Baba kuma ba zai je Zungur ba, ba zai aika a ce ya zo ba, don duk abin da ya faɗa zai zama kamar tambaya ce. Duk kaka buhun farko na gonar Bappa yana zuwa gidanmu a hannun wani. Duk sallah Baba yana aika masa turmin yadi a hannun wani. In sun haɗu a jana'iza sai su gaisa cikin jama'a, kowa ido a ƙasa, kowa ya kama gabansa. Ran da Inna ta rasu Bappa ya zo, ya yi salla, ya bi gawa, ya yi gaisuwa daga tsaye a ƙofar gida. Ina kallonsa ta labule, bai taka zauren ba. Na taɓa cewa Baba, "Wai don Allah wannan wace irin kunya ce da ta fi zumunci?" Ya dube ni kamar na yi ashar, ya ce, "Ku 'yan boko ba ku san komai ba." Ni dai ban yarda ba, kuma har gobe ban yarda ba.

Bayan na yi ritaya daga koyarwa, kan Baba ya fara rikicewa. Da farko ƙananan abubuwa ne, ya nemi hular da ke kansa, ya maimaita sallar da ya riga ya yi. Sai ya fara kiran ƙanena da sunan wansa da ya rasu tun kafin a haife mu. Sai kuma, duk ran Juma'a, ya sa a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya zauna a gefe guda, ya riƙe goro bai fasa ba. In la'asar ta yi ya ce, "Yau ma bai zo ba?" Abin da ya haɗiye shekara da shekaru, ciwo ya fito masa da shi fili. Likita ya ce abin ba ya komawa baya, kullum gaba yake yi. Na gane cewa in ba a kawo masa Bappa da wuri ba, za a kawo shi a lokacin da babu amfani.

Na shirya na tafi Zungur. Na samu Bappa ya tsufa ƙwarai, ya rankwafa, amma idonsa da hankalinsa garau. Ya yi murna har ya rasa inda zai ajiye ni. Bayan an sha fura na ce masa Baba ba shi da lafiya, yana nemansa. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "'Yata, da wane ido?"

Na ce, "Da wanda kake gani da shi mana, Bappa. Shi fa ba tarakta yake tambaya ba, kai yake tambaya."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa."

Na yi magiya, na yi fushi, har na yi hawaye, bai motsa ba. Da na ga haka sai na ce to a gyara ta, ni zan tsaya a kai. Nan ma ya girgiza kai, ya ce gidan da ya ba da aro ba ya zuwa ya yi jinyar abin da ya bayar, wannan ya fi rashin maidowa muni. Raina ya ɓaci. Na ce, "Bappa, ran ɗaurin aurena wa aka tambaya? Wa ya ce ya bayar? Tun ran nan na bar gidan can, kuma da bakinka na bar shi. In 'ya ba za ta taya ubanta fita kunya ba, to ka faɗa mini ni ba 'yarka ba ce in tashi in tafi." Ya dube ni, ya yi 'yar dariya, ya ce bakina irin na Inna ne. Sai ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi.

Tana nan a gindin ɗorawar, a kan duwatsu, an yi mata rumfar kara da ake sabuntawa duk shekara. Da farko ban gane ta ba. 'Ya'yansa sun taɓa shafa mata jan fenti don ta yi kama da taraktocin gona, tayoyin sun ruɓe, kaji sun mai da mazaunin direba wurin ƙwai. Na zaga ta hagu na shafa gefen murfin taya, yatsana ya faɗa cikin tsaga biyun nan. Sai da na nemi wuri na zauna. Daga nan ya kai ni wani ƙaramin rumbu da ba a zuba hatsi a ciki. Duk abin da makanikai suka bari yana nan, kowane a naɗe cikin tsumma, har noti da wasa. Duk shekara in an gama girbi sai ya fito da su ya goge, ya shafa musu man shanu, ya mayar. Rumbun yana warin tsohon man shanu da ƙarfe. Bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, amma babu wanda ya yi tsatsa.

Na samo wani tsohon bakanike a Ƙofar Ran, mutumin kudancin jihar, wanda ya yi zamani da manyan motocin fetur. Hausarsa irin ta bariki ce, kowa "kai" ne a wurinsa. Ya zaga Karsana ya tsuke baki, ya ce, "Hajiya, wannan taraktan gona ne, wani mugu ya yanke hannunshi na baya. Kai bari ni, na san shi." Na ce masa haka aka sayo ta, ina wurin. Ya ce yaro ba ya tuna irin wannan. Ya tafi Kano ya dawo da kafireta, abin nan da ke haɗa wa inji mai da iska, ba ta zauna ba. Ya sake komawa ya kawo wata, ita ma haka. Muka yi cacar baki a gaban kaji, ya ce zai tafi, na ce Allah ya raka taki gona. Washegari na same shi ya riga ni zuwa, yana kankare fenti da wuƙa.

A ƙarƙashin jan muka samu ruwan ɗorawa, wanda ban san lokacin da aka shafa shi ba, a ƙarƙashinsa kuma koren nan na soja. A kafaɗarta wasu lambobi farare suka fito, rabinsu ya goge. Akwai ɗan farantin tagulla kusa da sitiyari, amma tsatsa ta cinye rubutun, sai ramukan haruffa. Na ɗauki hoton komai da wayata: ƙugiyoyin, fitilun masu rumfa, tankunan biyu, totur na ƙafa, birkin hannu irin na mota. Na lalubo wani zaure a intanet na masu sha'awar tsofaffin injuna, yawancinsu tsofaffin Turawa marasa aikin yi irina, na zuba hotunan na tambaya ko akwai wanda ya san wannan.

Suka yi ta musu a tsakaninsu, har na fara cire rai. Sai wani dattijo ya rubuto cewa ya tuƙa irinta yana saurayi a aikin soja. Ya ce ba a ƙera ta don gona ba sam. Ta ja ce. A filayen jirgin sama da rumbunan kayan soja ake amfani da ita, ta ja kekunan kaya, ta tura abin da ya maƙale, shi ya sa take da ƙugiya gaba da baya. Rumfunan fitilun kuma don kada a hango haskenta daga sama ne. Ya ce kada mu ƙara wahalar da kanmu a kan kayan taraktar gona, injinta iri ɗaya ne da na wasu tsofaffin injunan jan ruwa da ake kai wa wuraren haƙar ma'adinai a wancan zamanin. Ya tambaya ko akwai irin waɗannan wurare kusa da mu. Na yi dariya ni kaɗai, don Jos tana nan a bayan gidanmu da ramukan kuzarta. Da na karanta wa Bappa, jiragen ba su dame shi ba. Cewa ya yi, "Ashe ba laifinta ba ne da ta ƙi garma."

Ni da bakanike muka hau mota zuwa Jos. Muka bi 'yan gwangwan layi-layi, ana yi mana kallon mahaukata, tsohuwa da mayafi tana leƙa cikin tulin ƙarafa. A wani fili a bayan gari muka samu injin jan ruwa ya nutse rabi a ƙasa, ciyawa ta fito ta cikinsa. Bakanike ya durƙusa ya share, ya dube ni, ya ce, "Kai, Hajiya, ɗan'uwanshi ne." Muka ciro kafireta da abin da ke ba fulogi wuta da wasu ƙananan abubuwa.

Aikin ya ci damina guda. A wanke tankuna, a fitar da dattin gas da ya daskare, a ɗinke lagireto, a yanka gaskit da hannu, a nemo tayoyin da za su yi daidai. Wani abin a gyara yau, gobe wani ya ɓalle. Ni kuma ina tsakanin Zungur da Ƙofar Wambai, kullum in na dawo sai na tarar an rage mini wani abu daga Baba. Ran nan ya tambaye ni ko ni baƙuwar Inna ce. Na shiga ɗaki na yi kukana, na fito, na buga wa bakanike waya na zazzage shi a kan abin da ba laifinsa ba. Ya bari na gama, ya ce, "Na ji. Gobe kai zo da fetur."

Ran da za a tayar da ita, Bappa ya ce shi zai murɗa. Muka hana, ya ƙi. Ya kama ƙarfen da hannu biyu, ya yi bismilla, ya murɗa, ba ta ce komai ba. Ya sake, shiru. Numfashinsa ya fara sama-sama, bakanike ya sa hannu a kan nasa suka murɗa tare. Ta yi tari, ta yi wani, ta tofar da baƙin hayaƙi, kaji suka watse, sannan ta kama. Na matsa na dafa ta ina jira ta yi ɗumi, ban ma san na yi ba. Da na juya ta kan kananzir muryar nan ta sauka, warin nan ya tashi. Matan gidan suka yi guɗa. Bappa ya juya mana baya ya tsaya yana kallon gona.

Saura fenti. Bappa ya ce yadda ya karɓe ta haka zai mai da ta, koriya. Bakanike ya ce shi ba zai shafa koren soja a zamanin nan ba, a tare mu a hanya a ce mun sato. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka haɗa wani kore mai kama da miyar kuka, kowa ya ce bai gamsu ba, aka shafa.

Ranar Juma'a muka taso da hantsi. Bappa ya sa farar riga da rawani, ya hau da taimakon mutum biyu, ya ce babu mai tuƙa ta sai shi. Bakanike ya tsaya a bayansa a kan ƙugiya yana riƙe da birkin hannu, ni kuma ina biye a keke mai ƙafa uku, ina ta salati. Tafiyar da mota ke yi kafin shayi ya huce, mu sai da aka sauko daga masallaci muka shigo gari. Motoci suna ta yi mana ham, masu babur suna ɗaukar hoto. Bappa bai dubi kowa ba.

Baba yana zaure a kan tabarmarsa. Tun kafin mu shawo kwanar layin, in ji ƙanena, ya ɗaga kai ya ce a tashe shi. Muka same shi a ƙofar gida, a tsaye, ana riƙe da shi. Bappa ya kashe inji, aka sauko da shi. Baba ya saki hannun ƙanena ya tako da kansa, ya dafa hancin Karsana, ya shafa, ya kara kunne kusa da inda take huci. Ya ce, "Ta yi ƙiba. An kula da ita." Sannan ya juyo ya dubi tsohon da ke tsaye a gabansa da farin rawani, ya gaishe shi da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo.

Ya ce, "Sannu da hanya, malam. Shi ya aiko ka ka kawo ta?"

Na buɗe baki zan yi magana, Bappa ya ɗaga mini yatsa ɗaya. Ya juya wajen Baba, ya ce, "Shi ya aiko ni."

"To shi yana ina? Lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau yake. Ya ce a gaishe ka."

Baba ya ce, "Shigo ka sha ruwa."

Haka Bappa ya taka zauren nan. Baba ya nuna masa gefen tabarmar, ya fasa goron ya miƙa masa rabi. Ni ina tsaye a bakin ƙofar cikin gida da kwanon ruwa, na kasa shiga, na kasa komawa. Sai na ji Baba yana cewa da Fillanci, a hankali, abin da na tabbata da ya san wa ke gabansa ko da wuƙa a wuya ba zai faɗa ba. Ya ce, "In ka koma ka gaya masa ni ban taɓa tunanin ƙarfen nan ba. Da ya jefa ta a rafi ya zo ya ce ta ɓata, da na fi so. Duk Juma'a ina zama a nan. Matata ta rasu, ina so in yi magana da wani, babu shi. Ka ce masa ya yi mini laifi."

Bappa ya juya goron a hannunsa. Can ya ce, "Ya sani. Kunya ce ta hana shi. Ya ce in gaya maka shi ma bai taɓa yin Juma'a ba tare da ya fito bakin hanya ya tsaya ba. Sau da yawa har ya tsayar da mota, sai ya ce wa direba ya wuce."

Baba ya yi tsaki, ya ce, "Haka yake tun muna yara. Taurin kai kamar jaki."

"Haka yake," in ji Bappa.

Na ajiye musu ruwan na koma ciki na zauna a bakin murhu. Na yi ta jira in ji Baba ya kira sunansa, in ji abin ya faɗo masa ko da na ɗan lokaci ne. Har aka kira la'asar ban ji ba.

Da Bappa ya fito zai tafi na raka shi bakin titi neman keke. Na ce masa ya yafe mini, da na zo da wuri da ba haka ba. Ya ce in bar wannan maganar, ba ni na yi latti ba. Na ce bari in gwada gaya wa Baba a hankali, wataƙila in aka maimaita masa zai gane. Ya ce a'a, kada in rikita shi, a bar shi yadda yake. Keke ya tsaya, na taimaka masa ya shiga, ya gyara sandarsa tsakanin gwiwoyinsa. Har mai keken ya tayar, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce ya dakata, ya leƙo.

Ya ce, "Juma'a mai zuwa zan dawo. In ya tambaya wane ne, ki ce ɗan aiken nan ne, ya kawo amsa."